Wai me ake ci a ƙera avata ne?

Nazifi PES: Salamu alaikum 'yan gida. Ni fa akwai abin da yake ɗaure min kai, kuma ba da faɗa na zo ba. Wannan avata da ake yi a na'urorin gem, wato ɗan zanen mutum da yake wakiltarka a allo, mutum ya zauna ya zaɓi hanci, ya zaɓi gira, ya gwada gemu kala goma, ya sa mai riga da takalmi, wani ma har kuɗi yake cirewa ya saya wa ɗan zanen hula. Don Allah me ake ci a ciki? Ni in na kunna gem bugawa na zo yi, wuta ba jirana take ba balle in tsaya gyaran gira.

Sadiq Xbox: Wa alaikumus salam. Nazifi kai ne za ka faɗi haka? Kai da ka ƙera kanka a Master League na gem ɗin ƙwallon PES ka ba kanka gudu 99 shot 99 😂

Nazifi PES: Wancan ai daban. Ɗan wasa na ƙera da yake cin ƙwallo, yana da aiki. Naku tsayawa kawai yake a kan allo yana ɗaga hannu yana murmushi.

Sadiq Xbox: To ai ba tsayawa kawai yake ba. Lokacin Xbox 360, tun da aka kawo su a Nuwamban 2008 da aka sauya fuskar na'urar gaba ɗaya, gem da yawa da shi kake bugawa. Kinect Sports, Kinect Adventures, da wani na kyauta Doritos Crash Course da za ka ga ɗan mutumin naka yana tsalle guduma tana make shi yana faɗawa ruwa. Wallahi in ka ga mai kama da abokinka ya sha guduma dariyar daban take da ta wani baƙon da ba ka sani ba. Kuma wasu gem ɗin in ka ƙure wani mataki sai su ba ka riga ko hula kyauta, duk wanda ya leƙa jerin abokai ya ganka da ita ya san ka sha wuya kafin ka samu.

Kawu Bala: Yaran nan ku bari in tuna muku, Microsoft ba su suka fara ba. Nintendo ne suka fito da nasu avatan mai suna Mii a kan na'urar Wii a ƙarshen 2006, abin ya karɓu har tsofaffi da ba su taɓa riƙe fad ɗin buga gem ba suna buga Wii Sports, na'urar ta haura miliyan 100 a ciniki. Da Microsoft suka ga haka sai suka sa kamfaninsu Rare na Ingila ya ƙera musu nasu. Sony ma suka biyo baya da PlayStation Home a Disambar 2008. Duk shekara biyu tsakani, kowa yana so ya ɗebi nasa rabon.

Sadiq Xbox: Kawu ko kwaikwayo ne ai namu ya fi kyau. Mii fa ko yatsu ba shi da su, ƙwallo biyu ne a madadin hannu.

Kawu Bala: Ɗana a nan ka yi kuskure. Rashin kyan nan shi ne ƙarfinsa. Mii kayan aikinsa kaɗan ne, ido, hanci, baki, gashin baki, tawadar Allah guda ɗaya, amma kana iya matsar da kowanne sama ko ƙasa, ka ƙara girma ka rage, ka karkata gira. Abin da mai zanen barkwanci yake yi kenan, ya kama abu ɗaya a fuskarka ya ƙara mai gishiri. A gidanmu an yi na mahaifiyarmu, ƙanwata ce ta yi, tabarau ɗin nan nata mai faɗi kawai ta sa ta ɗan sauke shi kan hanci ta ɗage gira ɗaya, duk wanda ya shigo falo ya kalli talabijin sai ya ce la ga Hajiya. Ita kanta ta yi faɗa ta ce a goge, da aka tashi gogewa kuma ta ce a bari tukuna. Sannan in kana buga wasan sandan nan na Amurka a Wii Sports, 'yan ƙungiyarka duk mutanen gidanku ne da kuka ƙera, ga Hajiya can a fili tana jiran ƙwallo. Na Xbox kuwa duk wanda ka ƙera sai ya fito kyakkyawan saurayi ɗan gayu, kowa kama ɗaya.

Ummi Switch: Kawu wannan gaskiya ne. Kuma rimot ɗin Wii yana ɗaukar Mii guda 10, ka sa a jaka ka je gidan ƙawarka ka sauke kanka a na'urarsu.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Mu nan hwa ba mu ga Wii da yawa ba, PS2 munka sani sai PS3, kuma a gidan wasa inda kake biyan dala kaɗan ka buga wasa guda ka tashi wani ya zamna. To wa za ya bar ka ka ɓata lokaci wajen gyaran hanci, mutane na bayanka suna jira? Wannan zancen na masu na'ura cikin ɗaki ne.

Nazifi PES: Yauwa mutumina, Allah ya biya ka. Abin da nake faɗa kenan.

Mubarak Zariya: Amma Ɗan Maraɗi ko a gidan gem ɗin ana yi fa, sai dai ba kai kake yi ba, mai shagon ne. Ka manta PES ba su da lasisin ƙungiyoyin Ingila, Man Red, Man Blue, London FC, Merseyside Red, haka ake ganinsu, sai mai shago ya kwana yana gyara suna da jesi ɗaya bayan ɗaya. A layinmu akwai wanda ya haɗa Kano Pillars cif, kore da ruwan ɗorawa, ya sa Rabi'u Ali ya sa Ahmed Musa, sannan a benci ya cika da yaran unguwa, mai shayi ma yana ciki a matsayin gola na biyu. Shagon da ke kallonsa ya fi shi sabbin fad amma yara nan suke cika don su ga an sako su a minti na 70. Duk wannan a memori kad mai 8MB. Ranar da katin ya lalace kamar an yi rasuwa a layin.

Nazifi PES: Na ce muku wannan daban ne.

Mubarak Zariya: Ina bambancin? Mutum yana son ya ga kansa a allo, shi kenan.

Ummi Switch: Ni bari in shigo da abin da ya fi damuna, tunda ku maza kuna ta zancen jesi. Ku gwada ƙera mace Bahaushiya a yawancin gem ɗin nan ku gani. Kalar fata sai ka ga farare kala-kala, baƙi kuma guda ɗaya ko biyu a can ƙarshen layi, shi ma in haske ya bugi fuskar sai ta koma toka-toka kamar an shafa mata hoda mara kyau. Gashi kuwa ba a magana, ko santsi har gadon baya, ko wani ƙaton tum guda ɗaya. Ba kitso, ba shuku, ba ɗaurin ɗankwali, mayafi kuwa sai dai ki nemo hular sanyi ki rufa asiri. Animal Crossing da nake so ɗin nan, a yawancin tsofaffinsu ba ka zaɓar kalar fata sam, sai dai ka tsaya a rana ka yi duhu, in rani ya wuce kuma ka washe. A New Horizons na 2020 kam sun bari ka zaɓa tun farko, kuma kitso da sauran gyaran gashin baƙar fata sai a ƙarin da suka sako a Nuwamban shekarar bayan mutane sun yi ta ƙorafi.

Sadiq Xbox: Tsaya, a rana za ka tsaya ka yi baƙi? 😂😂

Ummi Switch: Wallahi yaya Sadiq. Dariya kake amma ka yi tunanin yarinya 'yar shekara goma da aka ce mata ƙera kanki, ta duba ta duba ba ta ga kanta ba.

Fa'iza: Ummi kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. The Sims 4 sun ɗan yi ƙoƙari, a 2019 sun sako hijabi da hular maza kyauta, a Disambar 2020 kuma suka ƙaro kalar fata sama da 100 da abin ja da za ki daidaita haske da duhu. Amma matsalar mu masu PS4 ita ce ba ma iya sa kayan da mutane suke ƙerawa da kansu. Masu kwamfuta suna can suna sauke kitso da gwaggwaro da atamfa da wasu suka zana, mu kuwa abin da kamfani ya ga dama ya ba mu shi ke nan.

Mubarak Zariya: Mu ma maza ba mu tsira ba fa. Tun da fim ɗin Black Panther ya fito a 2018 duk baƙin namiji a gem sai an yi mai askin Killmonger, mugun fim ɗin, dada ɗin nan da aka kwantar gefe guda. Miles a Spider-Man 2 shi ne, Eddy a Tekken 8 shi ne, Sargon na Prince of Persia na 2024 shi ne. Kamar wanzami ɗaya ne da su duk duniya. Ni ina zaune Zariya ban san mutum ko ɗaya mai wannan askin ba, mu saisaye muke ko tal kwabo mu ɗora hula.

Kawu Bala: Gashinmu yana da wuyar zanawa a kwamfuta, wannan gaskiya ne, manhajojin da suke aiki da su an gina su ne a kan gashi mai santsi da yake zuba ƙasa. Amma wuya ba hujja ba ce, mutanen da suke zana gashin doki silli-silli. Akwai wata malamar jami'a a Amurka, A.M. Darke, da ta kafa Open Source Afro Hair Library, kuma a 2023 su da kamfanin Dove suka fitar da jagora kyauta mai suna Code My Crown don koya wa masu ƙera gem yadda ake yinsa. Yanzu ba mai cewa bai san hanya ba.

Abu Hanifa: Afuwan zan ɗan katse ku. Ni tambayata, ya hukuncin ƙera surar mai rai haka? Na ga ana ta zance ba wanda ya taɓo wajen.

Admin Jamilu: Malam Abu Hanifa tambaya ce mai kyau amma nan ba wanda ya kai ya ba da fatawa, kuma mun san yadda irin wannan take ƙarewa a gurup. A kai wa malamai don Allah. A ci gaba.

Abu Hanifa: Ba damuwa admin, Allah ya sa mu dace.

Nazifi PES: To na ji na Ummi da Fa'iza, wannan magana ce. Amma ku dawo kan kuɗi, nan ne nake da ja. Na kyauta ku yi ta yi. Amma ka canza naira zuwa dala, a wannan marrar, ka nemi mai sayar da katin kuɗin gem ya ɗora nasa ribar, don ka saya wa zane riga? Rigar da ba za ka sa ranar sallah ba?

Sadiq Xbox: Kowa da abin da yake kashe wa kuɗi Nazifi. Kai nawa kake zubawa a data kana kallon ƙwallo?

Nazifi PES: Ƙwallon in na kalla na kalla, ba mai zuwa ya ƙwace. Ku fa haya kuke. Ka kama gidan haya ka zuba tayil ka yi fenti ka sa silin, ran da mai gida ya ce tashi ko ƙusa ba za ka cira ba. Ina PlayStation Home yau?

Kawu Bala: A nan kam yaron nan ya kama ku. Home na shiga da kaina lokacin PS3. Gari ne guda, da dandali, da gidan sinima, da wajen wasan jefa ƙwallo, kowa an ba shi ɗaki mai kallon tashar jiragen ruwa, in kana son wanda ya fi shi ka saya, kujera ka saya, riga ka saya. Da intanet ɗinmu ta lokacin kafin wuri ɗaya ya buɗe ka sha shayi ka dawo, mutane kuma su fito maka fari fat kamar fatalwa kafin kayansu su sauka. Abin da ya fi ba ni mamaki layi ake bi, a cikin gem fa, in mutane sun cika wajen wasa sai ka tsaya wani ya gama. Duk da haka akwai waɗanda suka zuba kuɗi sosai suka ƙawata gidaje. Ranar 31 ga Maris 2015 Sony suka kashe shi, komai ya tafi.

Sadiq Xbox: Wannan Sony ne.

Kawu Bala: Naku ma ai haka. Sababbin avata da Microsoft suka fito da su a 2018, waɗanda aka yi ta yabo saboda an sa keken guragu da ƙafar roba da mace mai ciki, ina suke? Janairun 2025 aka rufe manhajar, suka ce mutane ba sa amfani da ita.

Sadiq Xbox: Amma sun ce za su mayar wa waɗanda suka yi sayayya a shekarar ƙarshe kuɗinsu, kuma tsofaffin na 360 suna nan ba a taɓa ba. Sannan Kawu ai laifinsu ne da ba a yi amfani da su ba. Sun ƙera abu mai kyau ba su ba shi gem ko ɗaya na kirki da za ka shiga da shi ba, sun ɓoye shi can cikin manhajar da sai ka nema. A 360 kana kunna na'ura shi za ka fara gani, ga abokanka a jere, wanda ba ya kan layi yana barci a tsaye. To in ka ɓoye abu sannan ka ce ba a so, wa ya hana a so?

Ummi Switch: Switch ma haka suka yi wa Mii, sai ka shiga can cikin saiti za ka same shi. A Nintendo Switch Sports na 2022 ma wasu sababbin 'yan gayu suka sa a gaba, Mii ɗin sai in kai ka nace.

Mubarak Zariya: Ni a ganina ba daina so aka yi ba, kasuwar ce ta tashi daga na'ura ta koma cikin gem. Kamfani ya gane in avata ɗaya ne kake yawo da shi ko'ina riga ɗaya za ka saya. In kuwa kowane gem da nasa, za ka saya a Fortnite, ka saya a NBA 2K, ka saya a Call of Duty, ka saya a Roblox, kuma ba wadda za ka iya ɗauka ka kai wani gem ɗin. 2K ma duk shekara sabon ɗan wasa za ka fara daga tushe. Shi ya sa PS5 ba ta damu ba, hoto kawai za ka ɗora.

Fa'iza: Kuma yara ne suke shan wahalar. A Fortnite rigar ba ta ƙara maka ƙarfi ko kaɗan, amma yaron da bai saya ba tsokanarsa ake yi ana ce mai difol, wato talaka mai kayan gwamnati. Ɗan yayata har kuka ya yi a kan haka. Kuma ba ƙaramin abu ba ne, a Disambar 2022 hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta sa Epic, kamfanin da ya yi Fortnite, biyan dala miliyan 520, miliyan 245 a ciki na mayar wa mutanen da aka sa suka sayi abu ba da niyya ba ne.

Nazifi PES: Kun gani ko. Na gode anti Fa'iza.

Fa'iza: Kar ka gode min tukuna, ni ban ce a daina ba, cewa na yi a daina tatsar yara 😅

Ɗan Maraɗi: Ni wanda ya burge ni shi ne GTA San Andreas. Ba ka ƙera CJ, jarumin gem ɗin, ba amma in ka ci abinci da yawa ya yi ƙiba, in ka kai shi wajen motsa jiki ya murɗe, ka kai shi aski, duka da kuɗin cikin gem, ba sefa ko ɗaya. Wanda sunka yi a GTA Online kuwa wai sai ka zaɓi uwa da uba sannan a haɗa maka huska. Na zaɓa na zaɓa, abin da ya hito ko a mafarki ban son ganin shi.

Mubarak Zariya: 😂 ai gara kai. Ka tuna NBA 2K15 da aka fara ɗaukar fuska da kyamara? Hotunan da mutane suka yi ta sakawa, wani ido a kumatu, wani baki biyu. Yanzu da waya ake yi ya gyaru, amma in za ka gwada fita waje da rana ka yi, kar ka yi a ɗaki da fitilar caji.

Ummi Switch: Masu neman hula da atamfa, a Animal Crossing akwai hanya fa. Akwai wajen zana kaya da kanka, ɗigo-ɗigo ne 32 a tsaye 32 a kwance. Na ɗauki hoton zanna bukar ɗin babanmu na zauna ina kwaikwayon aikin ɗigo bayan ɗigo, ruwan toka da baƙi da ɗan ja a tsakiya, na ɗora a kan hula mara baki, na yi doguwar riga fara na zana aiki a wuya. Daga nesa sak, in ka matso ne za ka ga ƙaryar. Atamfa ta fi sauƙi don zanenta maimaituwa yake.

Kawu Bala: 'Yata ki turo hoton mu gani.

Ummi Switch: Zan turo Kawu in na koma gida. Mai son lambar zanen sai yana da rajistar Nintendo ta intanet kafin ya iya saukewa.

Sadiq Xbox: To tunda kowa ya huce, ga shawara. Mu buɗe ƙungiya a Clubs na gem ɗin ƙwallon FC, kowa ya ƙera kansa, sha ɗaya da sha ɗaya, masu PS5 da masu Xbox Series suna haɗuwa yanzu. Sharaɗi ɗaya, yadda kake haka za ka ƙera, ba wanda zai zo mana da koren gashi.

Mubarak Zariya: Ina ciki. Amma tsawo fa? Don tsawo da nauyi suna taɓa gudu da tsalle a can, ba ado ba ne.

Sadiq Xbox: Tsawonka na gaskiya.

Mubarak Zariya: To Nazifi ba zai ci ƙwallo da ka ba har abada.

Nazifi PES: Ni FC ba gem ɗina ba ne, kuma PS4 gare ni.

Admin Jamilu: Masu PS4 da Xbox One sai ku haɗa taku daban, ba a cakuɗa tsohuwar na'ura da sabuwa. Mai so ya ajiye sunansa da lambar da yake bugawa a ƙasa. Kuma tun yanzu, ba zai yiwu mutum tara su ce lamba 9 ba, muna neman gola.

Ɗan Maraɗi: Ku sa ni gola in intanet ta bari. In kun ga na tsaya cak ƙwallo na wucewa ku san ba ni ba ne.